Yadda Ake Hawa Tudu Da Keke Mai Giya Ba Tare Da Ka Sauka Kana Turawa Ba

Duk wanda ya taɓa fita da keke a garin Jos ya san nan babu zancen shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko ina ka nufa sai ka ci karo da hawa, in Lamingo za ka hawa ne, in kuwa duwatsun Shere ka dosa toh wannan ba a ma magana. Garin kansa yana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuma ta kai kusan mita 1,829, shi ya sa baƙon da ya taso daga Kano ko Sakkwato ranar farko numfashi ke masa wuya tun bai je ko'ina ba. Abin da nake yawan gani shi ne samari majiya ƙarfi, sun sayi keke ɗan Kwatano mai giya 21, su taho gindin tudu a guje su miƙe tsaye suna dannar feda iya ƙarfinsu, kafin a yi mita 50 an sauka ana turawa ana haki, can sai wani dattijo siriri ya zo ya wuce su a zaune yana ɗan juya ƙafa abinsa ko gumi babu. Cinyarsu ta fi tasa nesa ba kusa ba. Shi dai ya san giyar da zai sa, ya san inda zai ajiye nauyinsa a kan keken, kuma ba ya gaggawa. Waɗannan ukun su ne za mu bi daki-daki.

Mataki na farko: gyara keken tun a gida

Fara da sirdi, domin rabin masu kuka da ciwon gwiwa a hawa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Mun saba tun muna yara da cewa in ka zauna a kan keke dole ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa, toh wannan tsayin bai isa hawa tudu ba sam. Ka jingina da bango, ka zauna a kan sirdi, ka ɗora dunduniyarka a kan feda, ka kai fedar can ƙasa gaba ɗaya. A nan ƙafarka ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkace ba. In ka mayar da ƙafar yadda ake tuƙi, wato gaban tafin ƙafa a kan feda, zaka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, shi ne daidai. Mai son lissafi kuma akwai wanda ake jinginawa ga Greg LeMond, Ba'amurken nan da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: ka auna tsawon ƙafarka ta ciki daga matsematsi zuwa ƙasa ba takalmi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisa daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mai santimita 80 zai samu wajen 70 da ɗoriya. Amma ka duba sandar sirdin, akwai layin da aka zana a jikinta na iyakar da za a iya zaro ta, kar ka wuce shi, in keken ya maka kaɗan toh ya maka kaɗan. Kuma sirdin ya kwanta daidai, in hancinsa ya ɗaga sama zaka gane kurenka da zarar hawa ya yi tsanani.

Sai iska. Mai faci na bakin titi burinsa ya cika taya ta yi tauri ƙam ya danna da babban yatsa ya ce ta yi, wannan a kwalta ba laifi, amma a tsakuwa da jar ƙasa taya mai tauri tsalle take yi tana zamewa, ba ta kama ƙasa. Mutum mai nauyin kilo 70 da taya mai faɗin inci 2.1 zuwa 2.3 mai tiyub a ciki, psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 30 ko kusa da haka a baya ya isa, gaba kuma a rage mata 2 ko 3. In ka fi haka nauyi ka ƙara kaɗan. In ka rage da yawa kuma ka daki bakin dutse, rim zai matse tiyub ya yi masa huji biyu gefe da gefe, wanda facinsa ke da ban haushi. Ka samu famfo mai agogo ka huta, ba shi da wani tsada.

Kaca kuma a wanke ta a sa mata mai, dan Allah ba baƙin man injin da aka juye daga babur ba, wannan ƙura kawai yake tarawa musamman da hunturu, ta zama wani baƙin kwaɓi yana cin haƙoran giya. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, ka goge sauran da tsumma. Daga nan ka ɗaga tayar baya ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka tabbata kaca tana hawa babban haƙori na baya lafiya kuma ba ta zarcewa ta faɗa cikin sifok. In tana gardama wayar giya ce ta saki, ko ɗan ƙarfen da ke riƙe da injin giyar ya lanƙwashe, kai wa mai gyara.

Mataki na biyu: san giyarka

Da yawa suna tuƙa keke shekara guda ba su taɓa taɓa giyar hannun hagu ba. Hagu ita ke kula da farantan gaba, yawanci uku ne, dama kuma haƙoran baya, 7 ko 8 ko 9. Ƙaramin faranti a gaba da babban haƙori a baya shi ne mafi sauƙi, wato 1 da 1, nan ne giyar hawa. Babba a gaba ƙarami a baya na gudu ne a kwalta.

Ga lissafin don ka ga dalilin. Taya mai inci 26 in ta juya sau ɗaya ta ci ƙasa kusan mita 2. In kana kan faranti mai haƙora 42 a gaba da 14 a baya, duk juyin feda ɗaya taya ta juya sau 3, mita 6 kenan ka tura kanka da keken sama a taku ɗaya, ina ƙafar da za ta jure wannan a tudu? In ka koma 24 a gaba 34 a baya, juyi ɗaya bai kai mita ɗaya da rabi ba, aikin ya rarrabu ƙanana-ƙanana. Yanzu ka sunkuya ka ƙirga haƙoran kekenka. Yawancin masu araha da ke shigowa suna zuwa da 14 zuwa 28 a baya, wasu ma ƙaramin farantinsu na gaba 28 ne, kaga 28 da 28 juyi ɗaya mita 2 cur, toh mai irin wannan in ya kasa hawa ba ragonta ba ce. Maganin mai sauƙi shi ne a canza na bayan a sa irin na Shimano da ake kira MegaRange mai 14 zuwa 34, sai dai mai gyara ya duba ko injin giyarka zai ɗauka da ko kacar na buƙatar ƙari. A ganina wannan ɗan canjin ya fi duk wani kayan ƙawa da zaka saya wa keke amfani. Sababbin kekunan hawa duwatsu masu tsada yawancinsu faranti ɗaya ne kacal a gaba, baya kuma 12, tun da kamfanin SRAM ya fito da giyarsa mai suna Eagle a 2016 mai babban haƙori 50, masu irin wannan hannun dama kawai suke aiki da shi.

Abu ɗaya da zaka kiyaye in naka mai faranti uku ne, kar ka haɗa babba na gaba da babba na baya, ko ƙarami da ƙarami, kaca na karkacewa tana gurzar ƙarfe, kuma a irin wannan karkacewar ce take tsinkewa.

Mataki na uku: tunkarar tudun

Tun kana nesa ka ɗaga kai ka karanci tudun, ina ya fi tsayuwa, ina ya ɗan kwanta, ina tsakuwa ta taru, ina ruwa ya zaizaye. Ɗan gudun da ka taho da shi yana taimakawa a gajeren tudu wanda taku 10 zai kai ka sama, amma a dogo ba ya kai ka ko'ina, ƙarfin da zaka nema can sama ne kake ƙonawa a banza.

Ka fara sauke giyar gaba tun kana gindi, tun feda ba ta yi nauyi ba, domin ita ce ta fi gardama in akwai nauyi a kan kaca. Bayan nan sai ka riƙa sauke ta baya ɗaya-ɗaya yayin da tudun ke ƙara miƙewa. Kar ka zube su duka lokaci guda ka koma 1 da 1 alhali kana da gudu, ƙafarka za ta yi ta wulwulawa a banza har gudun ya mutu. Kuma kar ka jira sai ƙafa ta kusa tsayawa, ka canza tun kana jin nauyin yana tahowa. Dabarar canzawa a tsakiyar hawa ita ce ka ba da taku ɗaya ko biyu masu ƙarfi don keken ya ɗan samu gudu, sai ka sassauta ƙafa kana dai juyawa amma ba danna ba, ka taɓa giyar, ka ji ta shiga, ka ci gaba. In ka ji ƙarar ƙarfe ƙaƙas-ƙaƙas toh da nauyi ka canza, haka ake tsinka kaca a dokar daji. In da hali ka bar haƙori ɗaya na ajiya, wato kana hawa da na biyu, na farkon sai inda abin ya yi ƙamari.

Mataki na huɗu: zama, kuma nan ne gundarin aikin

A tudun da ba kwalta ba matsala biyu ce ke jiranka kuma suna karo da juna. In nauyinka ya yi baya, tayar gaba ta yi sakayau, kan keke ya fara yawo dama da hagu, can sai ya tashi sama kamar dokin da aka fizgi linzaminsa, ka dira ta baya. In kuma ka kai nauyin gaba da yawa, tayar baya ta rasa abin da zai danne ta, ka taka feda ta karci ƙasa a wuri ɗaya tana watsa tsakuwa, ka tsaya cak. Aikinka shi ne ka tsaya tsakanin biyun nan, kuma tsakiyar ba wuri ɗaya take ba, tana matsawa duk lokacin da tudun ya canza.

Ga yadda ake yi. Ka zauna, kar ka tashi. Zamanka a sirdi shi ke danne tayar baya. Da tudu ya fara miƙewa sai ka matso gaba a kan sirdin kaɗan-kaɗan, in ya tsaya sosai har ka kai can kan hancinsa, ba daɗi kam, amma na ɗan lokaci ne. A lokaci guda ka lanƙwasa gwiwar hannu ka sauke ƙirjinka ƙasa wajen kan keke, bayanka a miƙe daga ƙugu ba ka ƙudundune kafaɗa ba, don huhu ya samu wuri. Iya tsayuwar tudu iya saukar ƙirji, a wurin da ya tsaya ƙwarai haɓarka za ta kusa taɓa kan keken. Gwiwar hannu su kalli ƙasa da baya, kusa da jiki, ba a buɗe kamar mai faɗa ba. Sannan ja, mutane da yawa in sun ji wuya sai su riƙa fizgar kan keke sama, su da kansu suke ɗaga tayar gaba. Ja shi baya da ƙasa, wajen tayar baya, sauke wuyan hannu kaɗan zai taimaka maka, wannan jan yana ƙara danne tayar baya ba tare da gaba ta tashi ba. Riƙon kuma kar ya yi tsauri, in ka ga yatsunka sun yi fari don matsa toh ƙarfi kake zubarwa.

Ka koyi sauraren keken. Gaba ta fara yawo, sauke ƙirji. Baya ta fara karta, ɗan ɗago ƙirji ko ka koma baya a sirdi da misalin faɗin yatsu biyu. Motsin ƙanana ne ƙwarai, wanda ke kallonka daga gefe ba lallai ya lura ba. A kan falalen dutse busasshe irin wanda ya cika Filato taya na kamawa sosai, nan damuwarka gaba ce kawai, sai ka kwanta a kan keken ka taka. A jar ƙasa mai ƙananan tsakuwa a sama, musamman da rani in ta bushe, baya ce ke ba da matsala, nan sai ka ƙara zama da nauyi. Dutsen da ruwa ya jiƙa ya yi gansakuka da damina kuwa ka kauce masa in da hanya.

In kekenka na da shokazoba a gaba mai ɗan makulli a sama, kulle shi a kwalta ko hanya mai laushi don kar ya riƙa shanye ƙarfinka yana lotsawa. A hanya mai duwatsu bar shi a buɗe, yana taimaka wa taya ta zauna a ƙasa. Kar dai ka manta ka buɗe kafin gangara.

Mataki na biyar: juya feda da numfashi

Feda juya ta ake yi, ba tattaka ta ba. Mai dannawa da ƙarfi sau ɗaya ya huta ya sake dannawa, kowane danni yana fizgar taya ne, a tsakuwa kuma fizga ita ke sa karta. Ka yi ƙoƙari ƙarfin ya zagaya, in ƙafa ta kai ƙasa ka ɗan ja ta baya kafin ɗayar ta karɓa, dunduniya ta ɗan sauka kaɗan lokacin dannawa. Saurin da ake so wajen juyi 70 zuwa 90 a minti. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ta taso a daƙiƙa 15, in ka samu 18 zuwa 22 kana kan hanya, in 12 kake samu giyarka ta yi nauyi, sauke. A wurin da ya tsaya sosai dole saurin ya ragu in giya ta ƙare maka, wannan ba komai.

Sai dai akwai inda giya mafi sauƙi ke cutarwa, wato a tsakuwa mai yawa ko rairayi, ƙarfin juyawa na yi wa taya yawa ta karta. A nan ƙara haƙori ɗaya ya fi, ka taka a hankali da nauyi.

Rabon ƙarfi kuma ka fara a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so, kashi ɗaya cikin uku na farkon tudu ka ji kamar wasa kake. Ma'aunin da kowa zai iya shi ne magana, in kana iya ce wa abokin tafiyarka gajeriyar jimla ba ka sarƙe ba, zaka daɗe a haka. In ko sannu ba ka iya amsawa toh mintoci kaɗan suka rage maka. Numfashi daga ciki, baki a buɗe, ka fi mai da hankali ga fitar da iska sosai, shigarta za ta zo da kanta. Duk inda tudu ya ɗan kwanta kar ka ƙara giya ka ce bari in rama, nan ne wurin hutunka, juya a hankali numfashi ya dawo kafin tsayuwa ta gaba. Ido kuma a kan mita 5 zuwa 10 gabanka, ba a kan tayar gaba ba, ba kuma can ƙololuwa ba wadda kallonta kawai ke kashe jiki.

Mataki na shida: yaushe ake miƙewa tsaye

Ana yi, amma da dalili, ko don ka huta da mazaunai a dogon hawa, ko don ɗan guntun wuri mai tsayi da ƙasa mai kamawa. Kafin ka tashi ƙara giya ɗaya ko biyu, in ba haka ba feda za ta zube a ƙarƙashinka. A kwalta kana iya miƙewa sosai kana kaɗa keken dama da hagu. A tsakuwa kuwa da ka miƙe ka yi gaba shikenan baya ta karta, don haka ɗagowa kawai zaka yi kaɗan, mazaunai na shawagi a saman hancin sirdi, ƙirji a ƙasa, hannu na ja baya. Yana cin ƙarfi ainun, taku kaɗan ka koma ka zauna, kuma da ka zauna ka mayar da giyar da ka ƙara.

Mataki na bakwai: duwatsu, zaizaya da kwana

Layin da ya fi gajarta ba shi ne ya fi sauƙi ba. Nemi ƙasa mai tauri ko dutsen da ya kafu, ka guji tsakiyar kwarin da ruwa ya haƙa domin nan duk tarkace ke taruwa, kuma in tayarka ta faɗa ciki fita sai an sauka. Inda ka kalla nan keke ke zuwa, in ka zuba wa dutsen da kake tsoro ido sai ka dake shi, kalli ratar da kake son bi.

In ka haɗu da ɗan matakin dutse ko saiwar bishiya da ta gitta hanya, tunkare shi kai tsaye ba a karkace ba. Kana isowa ƙafarka mai ƙarfi tana sama, sai ka danna feda da ƙarfi tare da ɗan ɗago ƙirji, gaba za ta haye da kanta ba sai ka fizga ba. Da ta sauka a sama, nan take ka tura jikinka gaba ka ɗan ɗaga daga sirdi don baya ta yi sauƙi ta biyo, sannan ka zauna ka ci gaba da juyawa. A nan mutane ke faɗuwa, sun haye da gaba sai su daina taka feda, baya ta daki dutsen ta tsaya. Fara koya da gefen kwalbati ko dakalin da bai wuce tsayin tafin hannu ba.

Akwai kuma dukan feda, wato feda ta sauko daidai kan dutse ta doka, ta jefar da kai gefe. In ka hango haka ka dakata da juyi fedoji suna kwance daidai, ko ka ɗan mayar da feda baya kwata ka sake dannawa, ka maimaita har ka wuce wurin, ta haka fedar ba ta kai ƙasa ba kuma keken bai tsaya ba.

Kwana mai tsanani a tsakiyar hawa, ka sauke giya tun kafin ka shiga, ka kai tayar gaba can gefen waje inda ya fi faɗi kuma bai kai ciki tsayi ba, ka juya kai da kafaɗa ka kalli mafita, ƙafa kar ta tsaya. A hanyoyin ƙauyukan Filato ka lura da shingen ƙerana da ke gefen gonaki, in ka buɗe kwana da yawa ka goge shi ga ƙaya ga farin ruwan nan nasa da in ya shiga ido ka shiga uku. Hanyoyin nan kuma na masu gona ne da makiyaya, ka yi sallama, in shanu ne ka tsaya su wuce, in ba ka san yankin ba ka tambayi mutanen wurin kafin ka kutsa, kar kuma ka tafi kai kaɗai. Tudun kwalta irin Hawan Kibo na hanyar Akwanga ni ban ba kowa shawarar ya je koyo a can ba, tirelolin da ke gangarowa ba abin wasa ba ne.

Mataki na takwas: in ka tsaya a tsakiyar tudu

Zai faru, kowa na tsayawa. Da ka ji keken ya mutu ka damƙe birki biyun, ka sauke ƙafa ta ɓangaren da ƙasa ta fi tudu, ba ɓangaren rami ba. Don tashi kuma, karkata keken ya ɗan gitta hanyar maimakon ya kalli sama kai tsaye, ka nemi inda tayar baya za ta zauna a kan ƙasa mai tauri. In kana 1 da 1 ɗaga baya ka juya feda da hannu ka koma haƙori na biyu ko na uku, domin mafi sauƙin ba ya ba ka isasshen lokacin ɗora ɗaya ƙafar. Kawo fedar ƙafarka mai ƙarfi sama ta ɗan wuce tsakiya zuwa gaba, ka hau sirdi ka zauna tun birki na riƙe, ƙirji ƙasa, ido gaba, sai ka saki birki daidai lokacin da kake dannawa a hankali ba da fizga ba. Ɗaya ƙafar ka ɗora ta ko yaya ta sauka a feda ka ci gaba da juyawa, ka gyara mata zama daga baya. In ka gwada sau biyu ya ƙi, tura keken zuwa inda ya ɗan kwanta, kana gefensa hannu a birki, ka tura ka damƙe ka taka.

Mataki na tara: atisaye da guzuri

Nemi tudu ɗaya kusa da gida wanda zai ɗauke ka minti 3 zuwa 5, ka ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15 a fili tukuna, sai ka hau ka gangaro a hankali ka sake, sau 3 ko 4 a farko, sau biyu a mako ya isa, ran da ke tsakani a huta. Kowane hawa ka ba shi aikinsa, wannan a zaune kawai, na gaba kana ƙirga juyi, na gaba ka bi layin da ya fi tsakuwa da gangan don ka ji lokacin da baya ke shirin karta. Akwai wani atisayen da nake so ƙwarai, ka hau tudun a hankali iya yadda zaka iya ba tare da ka sa ƙafa a ƙasa ba, wannan ke koya wa jiki daidaito. In gwiwa na ciwo ta gaba yawanci sirdi ya yi ƙasa ko giya ta yi nauyi, in ta baya ce sirdi ya yi sama, ka gyara da rabin santimita ka sake gwadawa. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa ba na jurewa ba ne, sauka ka zauna, ka ga likita kafin ka sake fita.

Ruwa wajen rabin lita zuwa sama a kowace awa, da zafi fiye da haka, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba. In tafiyar za ta wuce awa ɗaya da rabi ka sa dabino ko ayaba a aljihu, abinci mai nauyi kuma a ci shi awa biyu kafin fita. Da azumi ka mayar da atisayen bayan shan ruwa ko ka rage shi sosai. A jaka kar a rasa tiyub na ajiya, famfo, kayan faci saboda tsidau da ƙaya, makullan alanki, da ɗan abin haɗa kaca wanda ya dace da yawan giyarka. Hular kwano kuma dole ce ko hawa kawai ka je yi, domin duk tudun da ka hau sai ka gangaro shi. Kana isa sama kar ka tsaya cak, ci gaba da juyawa a hankali na ɗan lokaci numfashi ya daidaita, ka mayar da kaca farantin tsakiya don kar ta riƙa tsalle tana faɗowa, ka buɗe shokazoba in ka kulle, ka ɗan sauke sirdi in gangarar mai duwatsu ce, ka matsa birkin gaba da na baya ka ji suna kamawa kafin ka saki keken.